Ruwan Kayan Lambu a Gida: Yadda Ake Yinsa, Amfaninsa da Iyakarsa



In kun bi ta bakin kogin Binuwai a Garwa cikin watan Janairu, ko kuka je kasuwar Pitowa ranar Lahadi, za ku tarar da kayan lambu tuli-tuli: tumatir, karas, latas, kabeji, kokwamba, albasa, alayyahu da yakuwa. A lokacin ɗari sukan yi araha, har wani lokaci tumatir ya ruɓe a kwando don rashin mai saye. Duk da wannan yalwa, ba a rasa yaron da ba ya gani da magariba, ko mace mai ciki da jininta ya yi ƙasa, ko tsohon da dasashinsa ke jini, a cikin masu jiran ganin likita.

A 'yan shekarun nan maganar matse kayan lambu a sha ruwansu ta yaɗu. Masu jinya suna yawan tambayarmu: "An ce ruwan karas yana wanke ido, gaskiya ne?" Wani ya ce: "An ce in na dinga shan ruwan zogale zan rabu da ciwon sukari." Wata kuma ta ce: "Maƙwabciyata ta ce zoborodo yana ƙara jini." A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai ƙari, akwai kuma wadda ta taɓa kwantar da mutum a gadon asibiti. Wannan ɗan littafi zai rarrabe muku su. Ku karanta, ku kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Me ke cikin kayan lambu?

Tuwon dawa, gero, masara da shinkafa suna cika ciki, suna ba da ƙarfin aiki. Wake, gyaɗa, kifi, nama, ƙwai da nono suna gina jiki. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kuwa aikinsu shi ne tsare jiki daga cuta. Jiki yana buƙatar abin da ke cikinsu kaɗan-kaɗan, amma kowace rana.

Na farko shi ne bitamin A. Ana samunsa a karas, kabewa, mangwaro, gwanda nunanna, dankalin Hausa mai jan ciki, da ganyaye masu kore sosai irin su zogale da alayyahu. Yaron da ya rasa shi yakan fara da dundumi: da rana yana gani, rana na faɗuwa sai ya riƙa tuntuɓe. In abin ya yi nisa ido ya bushe, har ya kai ga makanta. Irin wannan yaro kuma ƙyanda da gudawa sun fi kayar da shi. Karas guda ɗaya matsakaici ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini guda. Amma ku lura: wannan bitamin ba ya shiga jiki sosai sai da ɗan maiƙo. Shi ya sa za mu riƙa ce muku ku haɗa da gyaɗa, ko ku sha a lokacin cin abinci mai mai.

Na biyu shi ne bitamin C. Yana cikin gwaiba, lemun zaƙi, lemun tsami, tumatir, tattasai, kabeji da garin 'ya'yan kuka. Gwaiba ta ninka lemun zaƙi wajen yawansa. Rashinsa yana sa dasashi ya kumbura ya yi jini, miki kuma ya ƙi warkewa. An daɗe da gane haka. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila mai suna James Lind ya ware ma'aikatan jirgi 12 masu wannan ciwo, ya ba kowane biyu magani dabam. Biyun da aka ba lemo su ne suka fara samun sauƙi cikin 'yan kwanaki. Bitamin C ba ya jure wuta mai tsawo, ba ya jure kanwa, kuma in aka yanka abu aka bar shi a iska yakan ragu. Nan ne ɗanyen kayan lambu ya fi miyar da ta daɗe a kan murhu.

Na uku shi ne sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke ƙera jini da shi. Akwai shi a ganyaye da wake, amma na nama, hanta da kifi ya fi saurin shiga jiki. Bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa yana hana shi. Saboda haka wanda ya ci wake ya bi da ruwan tumatir ko na lemo ya fi wanda ya bi da shayi mai kauri samun amfani.

Na huɗu shi ne tuƙa, wato zare-zaren da ke saura in an tauna ko an tace. Jiki ba ya narkar da ita, amma ita ce ke sa bayan gida ya yi laushi, ta rage basur, ta hana sukari hawa jini da sauri, ta kuma sa mutum ya ƙoshi.

Ci ya fi sha

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Wato kamar cikin tafin hannu sau biyar. Miyar kuka, miyar kuɓewa, kwaɗon zogale, tafasa, rama, duk suna cikin lissafi. Rogo, doya da dankalin Turawa ba sa ciki.

Mai haƙora lafiyayyu da ya tauna karas ɗinsa ya fi wanda ya matse shi ya zubar da tuƙar. A Ingila hukumar lafiya tana lissafa ruwan da aka matse a matsayin kashi ɗaya kawai cikin biyar ɗin nan, komai yawan da mutum ya sha, kuma ta ce kada ya wuce mililita 150 a yini, wato ƙaramin kofi guda. Mu ma abin da muke gaya muku ke nan: kofi ɗaya a yini ya isa, kuma ƙari ne a kan abinci.

To, wa ya fi buƙatar ruwan kayan lambu? Tsohon da haƙoransa suka zube. Majinyacin da ya tashi daga zazzaɓi, bakinsa ya yi ɗaci, tuwo ba ya shiga. Mai shan maganin tarin fuka da ya rame. Mai ciwon baki ko maƙogwaro da haɗiya ke ba shi wuya. Da kuma yaron da ya wuce shekara ɗaya yake ƙin ganye a miya. Ga irin waɗannan, kofi guda yana iya shigar da abin da cokali ya kasa.

Tsabta kafin komai

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci a littafin nan. Miya tana tafasa, wuta ta kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki. Ruwan da aka matse daga ɗanyen abu bai ga wuta ba. Duk abin da ke jikin karas ɗin, da hannun mai matsewa, da ruwan da aka zuba, kai tsaye zai shiga cikin mai sha.

Lambuna da yawa ana ba su ruwan kogi, ko na kududdufi, ko na kwatar gari, ana kuma zuba musu taki. Ta nan ƙwayoyin taifot, atuni, ƙwan tsutsar ciki da kwalara ke hawa kan latas da tumatir. Ido ba ya ganinsu. Manya cikinku ba su manta da annobar kwalara ta shekarar 2010 ba, wadda ta fara daga Jihar Arewa Mai Nisa ta kashe ɗaruruwan mutane a Kamaru. Ta ruwa da abinci marar tsabta take bi.

Ga ƙa'idodin da ba a tsallake ko ɗaya:

1. Ku wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba kafin ku taɓa komai. A yanke farce.

2. Duk ruwan da zai shiga cikin abin sha, a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a rufe shi ya huce. Ko kuma a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Ruwan rijiya mai haske ba lalle ne ya zama mai tsabta ba.

3. Ku zubar da duk abin da ya ruɓe, ya fashe ko ya yi fumfuna. Tumatirin da ya fashe na miya ne, in ma za a yi amfani da shi.

4. Ku wanke ƙasar da ke jiki tukuna, kuna dirzawa da hannu, sannan ku sake wankewa da ruwa mai tsabta. In za ku jiƙa a ruwan javel, ku tambayi ma'aikacin lafiya yawan ɗigon da ya dace da irin wanda kuka saya, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma a ɗauraye bayan an jiƙa. Gishiri da lemun tsami kaɗai ba sa kashe ƙwan tsutsa.

5. Abin da ke da ɓawo, a fere shi bayan an wanke: karas, kokwamba, citta.

6. Tumatir da ganye, a tsoma su cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya. Wannan ɗan zafi yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke bayansu, kuma bitamin ɗin da ake rasawa kaɗan ne.

Akwai wani haɗari da ya shafi yankinmu na masu noman auduga. Maganin feshin auduga an yi shi ne don auduga, wadda ba a ci. Kai mai lambu, kada ka fesa ragowarsa a kan tumatir ko kabeji. In ka yi feshi da maganin da ya dace da kayan miya, ka jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin ka tsinka. Robar maganin feshi kuma ba ta wankuwa. Kada a zuba ruwan sha, nono ko mai a cikinta har abada.

Kayan aiki

Ba sai kuna da wutar lantarki ko injin markaɗe ba. Abin da ke ɗakin girki ya isa: ƙaramin turmi da taɓarya, abin goga kuɓewa, wuƙa, rariya, kwano mai murfi, da farin ƙyalle na tata. Turmin da ake daka yaji ko daddawa a ciki sai an wanke shi sosai an zuba masa ruwan zafi, domin tsagar icce tana ɓoye datti. Ƙyallen tata a ware shi don wannan aiki kaɗai, a wanke shi da sabulu, a tafasa shi, a shanya a kan igiya cikin rana. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ko kifi ba ta taɓa kayan lambu sai an wanke ta.

Mai injin markaɗe a gida ya markaɗa ya sha duka ba tare da tacewa ba. Hakan ya fi, tun da tuƙar tana ciki. Amma kada a kai kayan da za a sha ɗanye wurin injin unguwa, inda ake markaɗa na kowa da kowa.

Haɗi biyar da za ku iya yi

Ruwan karas. Ku ɗauki karas uku matsakaita, ku wanke, ku fere, ku goga. Ku daka a turmi har ya yi laushi, ku zuba rabin kofin tafasasshen ruwan da ya huce, ku juya, ku matse a ƙyalle. Ku matsa rabin lemun tsami, in kuna so ku daka 'yar citta tare. A sha da soyayyar gyaɗa cikin hannu, ko bayan cin abinci. Tuƙar da ta saura kada a zubar: a zuba a miya, ko a kwaɓin ƙosai, ko a wainar ƙwai.

Ruwan tumatir da kokwamba. Tumatir uku nunannu, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a ɓare fatar, a murza a rariya. Kokwamba guda, a fere, a ɗanɗana. In da ɗaci a jefar. A goga ta, a matse, a haɗa. Wannan haɗi ba shi da sukari da yawa, yana kuma sanyaya jiki a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Kada a sa gishiri ko dunƙulen ɗanɗano.

Zogale da garin 'ya'yan kuka. Ganyen zogale cikin hannu guda, a tsince, a wanke, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu, a daka. A jiƙa cokali biyu na garin 'ya'yan kuka, irin wanda ake zubawa a nono, cikin kofin ruwa mai tsabta, a tace, a haɗa da zogalen. Tsamin kuka yana rufe warin ganye, bitamin C ɗinsa kuma yana taimakon ƙarfen da ke cikin zogale ya shiga jiki. A fara da rabin kofi, domin zogale yakan saki cikin wanda bai saba ba. Ganyen kawai ake amfani da shi. Saiwa da ɓawon itacen ba abin sha ba ne.

Zoborodo, wanda a nan aka fi sani da folere. Shi an tafasa shi, don haka ya fi sauran aminci in dai ruwan da aka ƙara daga baya mai tsabta ne. Matsalarsa sukari. A tafasa cikin hannu biyu a lita ɗaya da citta da kanumfari, a tace, a bar shi ya huce. Maimakon a tuttula sukari, a matse kankana ko abarba a ciki. In dole sai da sukari, cokalin shayi ɗaya a kofi ya isa. Da sannu harshe zai saba.

Kabewa ko dankali mai jan ciki. Wannan na yara ne da tsofaffi da waɗanda jikinsu ya yi rauni sosai. A dafa kabewa ko karas ko dankalin har ya yi luguf, a dama da ruwan dahuwarsa, a sa cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara. Dafaffen karas ma ya fi ɗanye sakin bitamin A. Mai cutar da ke karya garkuwar jiki, da wanda ya tashi daga doguwar jinya, irin wannan dafaffen ya fi musu.

A sha nan take

Ruwan da aka matse ba ya kwana. A yanayi mai sanyi bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba. A zafin bazara kuwa awa 1 ce iyakarsa. Randa tana sanyaya ruwa, amma sanyinta bai kai ya hana ƙwayoyin cuta hayayyafa ba. Mai firji ya zuba a kwalba mai tsabta ya rufe, ya shanye cikin yini guda. In wuta ta ɗauke ta daɗe, a zubar. Ku yi daidai wanda za a sha. Ƙanƙarar da ba ku san da wane ruwa aka yi ta ba, kada ta shiga kofinku. Haka nan robobin da aka tsinto aka sake cikawa.

Abubuwan da ba a sha ɗanye

Ganyen rogo da rogon kansa suna da guba wadda sai daka da doguwar dahuwa ke fitar da ita. Kada a matse su a sha. Duma, kabewa ko kokwamba mai ɗaci sosai, ɗacin nan guba ne. A ƙasar Indiya an sami mutanen da suka yi aman jini, wasu suka mutu, bayan sun sha ruwan duma mai ɗaci da sunan magani. Ɗanyen wake da dankalin Turawan da ya yi kore ko ya tsiro su ma haka. Alayyahu da ganyen yakuwa sun fi dacewa da tukunya, musamman ga wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda. Ganyen daji da ba ku saba ci a miya ba, kada ku mai da shi abin sha don wani ya ce magani ne. Ɗaci ba shaidar magani ba ne.

Waɗanda za su yi hattara

Ke mai shayarwa: jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, komai zafin gari. Daga wata 6 a fara ba shi kunu mai kauri da dafaffen kayan lambu da aka dama, ana ci gaba da ba shi nono. Ruwan da aka matse sai bayan ya cika shekara, rabin ƙaramin kofi, kuma a kofi, kada a sa a bulumboti. Yaron da ya cika cikinsa da ruwa mai zaƙi ba zai ci abincin da zai gina shi ba. Kuma karas bai ɗauke muku kai yara karɓar ɗigon bitamin A ba, wanda ake ba 'yan wata 6 zuwa shekara 5 sau biyu a shekara.

Mai gudawa: abin sha mai zaƙi yana ƙara gudawa. Abin da ake ba shi ruwan gishiri da sukari ne, na ƙunshin da ake samu a asibiti. In babu, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a sa cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Yaro kuma a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. In gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya kasa sha, a kawo shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Kai mai ciwon sukari: karas, kankana, abarba, mangwaro da dabino duk suna da sukari. Kofin ruwan karas yana da kamar cokalin shayi 2, kuma da aka cire tuƙar zai shiga jini da sauri. Ya dai fi kwalbar lemon kanti, mai ɗauke da wajen cokali 8, amma taunawa ta fi maka. In za ka sha, ka zaɓi na tumatir da kokwamba. Zuma ma sukari ce.

A nan ne muka fi ganin asara. Mutum yana shan maganinsa, yana zuwa awo, sukarinsa ya daidaita. Sai wani ya ce masa ai ga ganyen da ke cire ciwon daga saiwa. Ya ajiye magani ya koma ruwan zogale safe da yamma. Makonnin farko ba ya jin komai, sai ya ɗauka ya warke, ya kuma gaya wa wasu. Bayan wata biyu ko uku ƙishirwa da yawan fitsari su dawo, ya rame, ƙaya ta soke shi a ƙafa mikin ya ƙi warkewa. Lokacin da 'yan'uwa za su ɗauko shi a bayan babur, wani lokaci sai an yanke yatsa, wani lokaci ƙafar. Zogale abinci ne mai kyau, ku ci shi. Amma ba ya maye gurbin ƙwayar ciwon sukari, ko allurar insulin, ko maganin tarin fuka, ko na cutar da ke karya garkuwar jiki. Duk wanda ya ce ku ajiye maganinku, ku zo ku tambaye mu tukuna.

Mai hawan jini: kayan lambu suna taimaka maka, in ka haɗa da rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Zoborodo marar sukari yana ɗan sauke jini, amma kaɗan ne, bai kai a dogara da shi ba. In kana shan magani kana kuma shan zoborodo kullum, ka gaya wa likita. Babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci da ake kira pamplemus yana rikita aikin wasu magungunan hawan jini. Ka tambaya kafin ka sha.

Mai ciwon ƙoda: tumatir, karas da ganyaye suna da sinadarin fotasiyam da yawa. Ƙoda mai lafiya tana fitar da rararsa. Wadda ta gaza ba ta iyawa, ya taru ya taɓa bugun zuciya. Kada ka sha ko ɗaya daga cikin haɗin nan sai da izinin likita.

Ke mai ciki: ki ci kayan lambu da yawa, wankakku ko dafaffu. Ki nisanci saiwa da ɓawon zogale, ɗanyar gwanda mai ƙaro, da zoborodo mai kauri a kullum. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki a wurin awon ciki, babu ruwan ganyen da ya kai ta.

Ja ba jini ba ne

Mutane da yawa suna ganin duk abin da ya yi ja yana ƙara jini: zoborodo, jan gwozan Turawa da ake kira betarab, ko tumatirin gwangwani da aka dama da madara. Launi dabam, jini dabam. A yankinmu abubuwan da suka fi shanye jini su ne zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya ga masu shiga ruwa a wurare irin su tafkin Lagdo, haihuwa kusa da kusa, da rashin nama, kifi da wake a abinci. In tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, ana haki da jiri, a zo a auna jini a nemo dalili. Tulun da ke yoyo, sai an toshe hujin kafin ya cika.

Abu biyu kuma kada su tsorata ku. Wanda ya sha betarab fitsarinsa yakan yi ja na yini guda. Wanda ya yawaita karas ko kabewa tafin hannunsa yakan yi ɗorawa-ɗorawa, ya kuma wuce in ya rage. Amma in farin ido ne ya yi ɗorawa, wannan shawara ce, ciwon hanta ne ko na jini, a je asibiti. In jan fitsari ya ci gaba ba tare da an ci betarab ba, shi ma a zo.

In kayan lambu sun yi tsada

Daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina karas da tumatir sukan yi wuya. Kada ku damu da sai su. Kowane lokaci da nasa: mangwaro a bazara, ganyen tafasa, rama, karkashi da yakuwa da damina, kabewa da gwaiba wajen kaka, tsamiya da 'ya'yan kuka da rani. Ganyen zogale da na kuka a shanya su a inuwa, domin rana tana cinye bitamin A. A daka, a ajiye a abu mai murfi, a riƙa zuba cokali guda a kunun yaro. A rage kanwa a miyar ganye, a kuma sa ganyen a ƙarshen dahuwa. Tun shekarar 2011 dokar Kamaru ta wajabta a sa bitamin A a tataccen man girki, a sa ƙarfe a garin alkama. In za ku sayi mai, ku duba alamar a jikin kwalba.

Hanya mafi araha ita ce ku shuka da kanku. Reshen zogale da aka kafa a bayan ɗaki yakan kama, ya ba da ganye cikin 'yan watanni. Gwanda biyu kusa da inda ake wanke-wanke, da 'yan tushen tumatir a tsohon buhu ko fasasshiyar randa, an kewaye da ƙaya saboda awaki, sun isa su canja abincin gida. Kun san ruwan da kuka ba su, kun san ba a yi musu feshi ba. Mata a ƙungiyoyinsu na unguwa suna iya raba iri da reshe a tsakaninsu.

Rigakafi ya fi magani. Ku wanke, ku tafasa ruwa, ku sha kofi guda nan take, ku ci tuƙar, ku ci gaba da shan maganin da likita ya ba ku. In akwai abin da ya shige muku duhu, ku riƙo wannan littafi ranar da za ku zo awo, ku nuna wa nas wurin, za a yi muku bayani.

Allah ya ba mu lafiya.